Amsoshin Tambayoyinku: Fita da Yaran Firamare

Wata mai sauraro daga Kano ta tambaya ko fita da yaran firamare yawon buɗe ido ɓata lokacin karatu ne. A'a, muddin malami ya shirya.

Tun 1907 Maria Montessori ta buɗe makarantarta a birnin Rum, inda yara ke koyo da hannunsu. A Kano kuwa, ajin da aka kai marinar Ƙofar Mata zai ga an tsoma ƙyalle a ruwan baba da toka, ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi. Ai kimiyya ke nan tsagwaronta! Gidan Makama kuma na nan don darasin tarihi.

Sai dai a nemi izinin iyaye tukuna, kowane yaro kuma a ba shi tambayar da zai amso.