Na ƙone karana saboda gyaɗa, ga shi ba kara ba gyaɗa

Malam, ni manomi ne a ƙasar Dawakin Tofa. 'Yan shekarun nan gyaɗata ba ta yin kirki: ganye ya yi rawaya, ta tsugune wuri ɗaya, in an cire kuma ba abin a zo a gani. Ɗana da ke karatun aikin gona ya zo hutu ya ce wata tsutsa ce a saiwa wadda ido ba ya gani, wai gawayi ne maganinta. Na ji maganarsa. Karan dawar da nake ajiye wa shanu shi muka tara muka cinna wa wuta, muka watsa a gonar. Da ranin nan sai da na sayi harawa da kuɗina, ni da nake bai wa wasu. Damina ta zo, gyaɗar tana nan yadda take. Yanzu a majalisa "mai gawayi" ake ce mini, har da ƙanena cikin masu dariya. Yaron ko haƙuri bai ba ni ba, wai ba a yi daidai ba ne. Ni da na haife shi nake biya masa makaranta, shi zai mai da ni abin dariya? In sayi maganin feshi ne, ko in bar gyaɗar gaba ɗaya? Karan nan, Malam, shi ke ci mini rai.

Manomi daga Dawakin Tofa

Allah ya mayar da alheri. Na ji zafin kara da zafin dariya, amma duk wasiƙar nan ban ga inda ka ce ka tumɓuke gyaɗa ɗaya ka dubi saiwarta ba. Wannan shi ne abin da nake ta faɗa da manomanmu a kai. Cuta tana ƙarƙashin ƙasa, mu kuma muna tsaye a kan kunya muna yi wa ganye hukunci.

In damina ta yi nisa, tono guda biyar daga inda ta fi lalacewa, ka wanke saiwar. Ƙananan ƙulluttan da ke manne a gefenta, waɗanda farce ke ɓamɓarewa, cikinsu ja-ja, ba cuta ba ne. Su ke tara wa gyaɗa abinci daga iska. Aikin tsutsar da ake kira nematod daban ne: saiwar ce da kanta take kumbura ta yi gaɓa-gaɓa, ba ta ɓamɓaruwa, wani lokaci har kwanson gyaɗar ya yi ƙuraje. Tana son jigawa, kuma ɓarnarta faci-faci take fitowa. In ka ga saiwa lafiya lau, ganye kuwa ya murƙushe ya cure, to ka yi zargin kuturtar gyaɗa, wadda ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗawa, wadda ta durƙusar da gyaɗar Arewa a 1975. Gawayi ba shi da abin da zai yi mata. Iri mai jure ta ake nema, kamar SAMNUT 24 da cibiyar IAR ta Samaru ta fitar, tare da shuka da wuri kuma kusa-kusa. Kai wa malamin gona na hukumar KNARDA saiwar ya gani.

Yaron ya yi gaskiya da ya ce ba a yi daidai ba. Karan da aka cinna wa wuta a fili toka yake zama. Gawayin gona a rami ko a ganga ake yin sa, a hana shi iska, a kashe wutar da ruwa tun yana baƙi, a daka, a cuɗa shi da takin gida ya yi mako biyu ko fiye kafin huɗa. Wanda ba a cuɗa ba yakan fara shanye abincin da ke ƙasar. Ko an yi shi daidai, ba guba ba ne da zai kashe tsutsa nan take. Yana riƙe wa jigawa laima da taki ne, saiwa ta sami ƙarfin jurewa, kuma gwaje-gwajen masana wani wuri tsutsar ta ragu, wani wuri ba ta ragu ba. Ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa ya isa, abincin shanu ba na wuta ba ne. Kuskurensa shi ne bai ce a gwada a kunya goma ba, kai ma ba ka tambaya ba.

Ga tambayar da ya kamata ka yi wa kanka: me ya sa gonar nan take ganin gyaɗa kowace shekara? In tsutsar ce, kai kake ciyar da ita. Ka ba gonar gero ko dawa na damina biyu, ban da kuɓewa da tumatir, domin su ma abincinta ne. In ka dawo da gyaɗa, zuba tunkuzar darbejiya lokacin huɗa, ka gwada gawayin a gefe ɗaya ka bar ɗaya gefen.

Shi kuma yaron, daina jiran haƙurinsa. Ka kira shi ku je tonon saiwar tare, shi zai wanke, kai ka duba.