FILIN MANOMA: In Aksul Na Gaba Ya Fara Yoyon Mai

Jama'a manoma, makon nan za mu ɗan ajiye maganar iri da taki, mu taɓa abin da ke kai takin gona, ya kuma kwaso amfani zuwa gida, watau mota. A nan ƙasar Jabo da Tambuwal har zuwa Kebbe, da zarar an bar titin Sakkwato zuwa Jega an shiga hanyoyin ƙauye, da rani yashi ne, da damina kuwa taɓo, balle wajen fadamun Gulbin Zamfara. Motar da ke ja da ƙafafunta huɗu ita ke iya wa irin wannan hanya. Sabuwarta ta fi ƙarfin aljihun yawancinmu, saboda haka tsofaffin da suka rage a hannu tilas a riƙe su da kyau.

Da tsohuwar Land Rover zan yi misali. An fara ƙera ta a Solihull ta ƙasar Ingila cikin 1948, irin da ake kira Series III kuwa an yi ta daga 1971 zuwa 1985. Kun ga ko autarsu ta ba shekara 40 baya. Ƙarfe yana iya kai haka, amma roba ba ta kaiwa.

To, ku leƙa bayan tayar gaba. Za ku ga wani dunƙulen ƙarfe mai sheƙi, kamar ƙaramin ƙoƙo, an rufa masa wani kwanso wanda ke juyawa a kansa duk sa'ad da direba ya murɗa sitiyari. Wannan ita ce gwiwar aksul. A cikinta akwai gaɓar shaf wadda ke juya taya ko da an karya kwana, kuma tana kwance ne cikin man giya mai lamba 90, wajen rabin lita a kowace gwiwa. Abin da ke tare man nan kada ya fita, ya kuma hana ƙura da ruwa shiga, wani faffaɗan zoben roba ne da makanikai ke kira sil. Banda shi akwai wani sil a cikin hob, bayan boris, da wani ƙarami a bakin bututun aksul wanda ya raba man gwiwa da na tulun tsakiya.

Ɗan danshin mai a jikin ƙoƙon ba laifi ba ne, da ma haka aka yi shi. Amma in kun ga mai yana ɗiga a ƙasa inda mota ta kwana, ko ya yi zane a cikin taya kamar an watsa shi, to, sil ya gaji. Wanda ya fi haɗari shi ne na hob, domin in ya saki, man yana gangarawa cikin durom ya jiƙa takalman birki. Sa'an nan in an taka birki sai ƙafa ɗaya ta kama, ɗayar ta sulɓe, mota ta fizga gefe. Ku tuna da irin lodin da ake yi mata ran kasuwa, buhunan gero a ƙasa, mutane a sama.

Kafin a sayi kome a fara duba abu biyu. Na fari, a saman aksul akwai wata 'yar ƙofar numfashi, ba ta fi kan yatsa ba. In aksul ya yi zafi iskar ciki takan kumbura, ta nan take fita. Laka takan toshe ta, iska ta rasa hanya, sai ta tura mai ta bakin sil, ko da sabo ne fil. Haka kuma in aksul mai zafi ya faɗa ruwan fadama ya huce farat ɗaya, sai ya zuƙo ruwa ta bakin sil ɗin. A kwance ta a wanke da kananzir, a girgiza a ji 'yar ƙwallon ciki tana motsi. Sau da yawa na ga an kashe kuɗin sil biyu, alhali wannan ce kaɗai cutar.

Na biyu, a ɗaga ƙafar, a kama taya sama da ƙasa a jijjiga. In tana rawa, a sa wani ya taka birki a sake jijjigawa. In rawar ta tsaya, boris ɗin hob ne ya yi sako-sako. In ba ta tsaya ba, ƙusoshin da gwiwa ke juyawa a kansu ne suka ci. Sabon sil ba ya daɗewa a kan gwiwar da ke rawa.

Ranar aiki a nemi wuri mai tauri inda iska ba ta kwaso yashi, a shimfiɗa tabarma ko buhu mai tsabta don jera kaya. Kada a dogara ga jak shi kaɗai. A tokare motar da kututture mai ƙarfi, a danne tayoyin baya da dutse. A tsiyaye man cikin kwano a dube shi: in ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, in yana ƙyalli, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Tsohon man nan kada a zubar da shi a gona ko kusa da rijiya. Daga nan a cire durom da murfin da ke haɗa shaf da hob, a miƙe washar da ta kulle manyan noti biyu, a kwance su da sufana mai lamba 52, ba da kurfi da guduma ba. A zaro hob, a ɗaure farantin birki a gefe da waya don kada ya rataya a jikin tiyon man birki, a zaro shaf a hankali. Sai a saki sandar sitiyari, a kwance ƙoƙon daga jikin aksul, gama babban sil ta baya yake shiga. Kome aka cire a jera shi bi da bi yadda ya fito.

Yanzu a wanke ƙoƙon a shafa shi da yatsa. Nan ne aikin yake. In tsatsa ta yi masa ramuka kamar zanzana a inda leɓen sil ke bi, to, cikin 'yan makonni zai yayyage sabon da aka sa. Ramuka kaɗan ana iya kankare su, a cike da gam ɗin ƙarfe, a goge da samfefa mafi laushi har ya yi sumul. In sun yi yawa sai a nemi wani ƙoƙon, ko a Sakkwato ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma a tafi da tsohon a hannu don a gwada. Haka nan zoben ƙarfen da sil ɗin hob ke gudu a kansa, in farce yana maƙalewa a cikin zanen da ya yi, a canja shi.

Waɗansu makanikai, don gudun wahala, sukan yanka sabon sil su zagaya shi a wuyan ƙoƙon, su mai da yankan sama. A daji, in babu yadda za a yi, wannan ya kai mutum gida. A gareji kuwa ban yarda da shi ba.

Wajen mayarwa, a ƙarƙashin ƙusar sama akwai waɗansu siraran washa, da su ake daidaita taurin gwiwa. In an rage su gwiwa ta ƙara tauri, in an ƙara ta saki. Ana auna wannan tun ba a sa sil ba: a maƙala sikelin rataye, irin na awon kaya, a ramin hannun sitiyari a ja. A Series III ana so ya nuna tsakanin kilo 3.6 da 4.5 yayin da gwiwar ke tafiya. In ta yi sako-sako, sitiyari zai riƙa kaɗawa da ƙarfi duk sa'ad da aka faɗa rami. Sa'an nan a shafa wa leɓen sil mai, kada a sa shi a bushe. Na hob leɓensa ya fuskanci boris, a buga shi da katako a hankali har ya zauna daidai. A ɗaure notin boris, a ɗan sassauta yadda taya za ta juya ba tare da rawa ba, a sa sabuwar washar kulli. Takalman birkin da suka sha mai ba su wankuwa, ko an ƙona su a wuta man zai sake tsattsafowa. A canja su, kuma na ƙafafun gaba duka biyu tare.

A zuba mai har ya kawo bakin ramin zubawa na gefe. Tulun tsakiya yana cin wajen lita 1.75. Mai tsohuwar Toyota Land Cruiser ya lura: ginin gwiwarta kusan ɗaya ne da wannan, amma ita giris ake cika mata. In ya ga baƙin ruwan giris yana zubowa, ƙaramin sil na bakin bututu ne ya saki man giya ya narkar da shi.

In motarka tana da makullin hob, wanda ake murɗawa a saki ƙafafun gaba a kan titi, ka riƙa kulle shi kana tafiyar 'yan kilomita ko sau ɗaya a mako. Juyawar shaf ita ke watsa mai ya kai ga ƙusar sama, in ba ya juyawa sai ta bushe ta ci.

Lokacin wannan aiki shi ne watan Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta kwanta, kafin a shiga jigilar taki da iri. Bayan an gama a yi tafiyar mako guda, a sake ɗaga ƙafar a jijjiga, a duba mai, a kuma bi notocin da sufana.

Malamin Gona, Jabo.