Tsohuwar Waya da Mataccen Batir

A watan Agusta na shekarar 2001 aka fara aiki da wayar salula ta GSM a Nijeriya. Kafin wannan lokaci duk wayoyin da ke ƙasar, na ofisoshi da na gidaje, ba su kai rabin miliyan ba, yawancinsu kuwa a manyan birane su ke. Zuwa shekarar 2024 layukan da ke aiki sun haura miliyan 150. Yanzu da wuya a shiga kasuwar ƙauye ba a ga mai cajin waya a rumfarsa ba, ko faifan hasken rana bisa rufin mai kanti, ko tocila da rediyo birjik a gaban ɗan koli. Amfanin waɗannan abubuwa ba ya bukatar dogon bayani. Manomi ya kan san kuɗin gero a Dawanau tun bai bar gida ba, hakimi kuma ya kan aika wa dagaci da saƙo ba sai ya tashi ɗan aike ba. Abin da wannan takarda ke nufin bayyanawa shi ne inda kayan nan su ke zuwa bayan sun mutu, da abin da ya hau kan hakimi da malaminsa game da su.

Ba ƙaramin abu ba ne. Wani rahoto da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2022 kaɗai duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, watau wayoyi da kwamfutoci da talabijin da firji da makamantansu. Daga ciki, abin da aka tabbata an tattara an sarrafa bisa ƙa'ida kashi 22 ne cikin 100 da 'yan kai. Sauran kuwa wani yana cikin juji, wani yana ajiye a ɗakuna, wani an ɗora shi a jirgin ruwa da sunan kayan gwanjo an kai ƙasashen da ba su da hanyar sarrafa shi.

Ya kamata a fara sanin abin da ke cikin waya. Akwai jan ƙarfe wanda wuta ke bi, akwai kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙa a ƙasar Jos, da ita a ke liƙe ƙananan sassa, akwai kuma azurfa da zinariya 'yan kaɗan. A cikin batirinta akwai wani ma'adini mai suna litiyam, sau da yawa har da kobal, wanda wajen kashi 70 cikin 100 na abin da duniya ke haƙa daga ƙasar Kwango ya ke fitowa. Labarin zinariyar nan shi ya kan ruɗi samari, don haka yana da kyau a ba da misali. Mutanen Japan sun yi niyyar ƙera lambobin yabo na wasannin Olimfik na Tokiyo, waɗanda aka yi a 2021, da ƙarfen tsofaffin na'urori. Shekara biyu suna tarawa, suka tara wayoyi fiye da miliyan 6 tare da wajen tan 79,000 na sauran ƙananan kaya. Duk wannan tudu, zinariyar da ta fito ciki kilo 32 ce, da azurfa kilo 3,500, aka ƙera lambobi wajen 5,000. Wannan ma da injuna da masana aka yi shi. Zinariyar waya guda ba ta fi nauyin ƙwayar shinkafa ɗaya ko biyu ba, saboda haka yaron da ya hura wuta a bayan gida yana ƙona cikin waya ba abin da zai samu sai hayaƙi a ƙirjinsa.

Hayaƙin kuwa ba irin na itace ba ne. Robar da a ke lulluɓe wayar lantarki da ita, in an ƙona ta don a fid da jan ƙarfe, ta kan saki guba mai lahani ga huhu da fata, tokarta kuma ta kan shiga ƙasa, ruwan sama ya kwashe ta zuwa kududdufi. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙaton baya akwai dalma a cikinsa. Dogon ƙwan lantarkin nan fari akwai zaiba a cikinsa, in ya fashe a ɗaki tururinta ya kan shiga numfashi. A Ankara, babban birnin Gana, akwai wani wuri mai suna Agbogbloshie inda samari, yawancinsu 'yan ci-rani daga arewacin ƙasar, suka yi shekaru suna wannan aiki, har aka riƙa lissafa wurin cikin wurare mafi ƙazantar guba a duniya. Hukuma ta rushe shi a watan Yuli na 2021, amma aikin bai mutu ba, ya watsu ne cikin unguwanni. Hakimin da ke tunanin kora kaɗai ta isa sai ya dubi wannan.

To, amma abin da ya fi kusa da talakan ƙauye, ya kuma fi haɗari, shi ne babban batir, irin na mota da na babur da na hasken rana. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago shi a 1859, har yau kuwa asalinsa bai sake ba: faranta ne na dalma a jere cikin ruwa mai ci, wanda a ke kira ruwan batir. Fiye da rabin nauyinsa dalma ce. Faifan hasken rana ya kan yi shekara ashirin yana aiki, amma batirin da ke ajiye wutarsa galibi shekara biyu zuwa biyar ya ke yi, zafin ƙasashen arewa kuma ya kan gajarta kwanansa. Ashe ke nan ko wane gida da ya sa hasken rana zai fid da matattun batura da yawa kafin faifan ya tsufa. Hasken rana abin so ne, ya fi janareta tsabta da sauƙin kuɗi, ba wanda ya ke cewa a bar shi. Sai dai ba a cika faɗa wa mai saye wannan gefe na lissafin ba.

Mataccen batir kuɗi ne, shi ya sa ba a ganinsa a juji. 'Yan gwangwan su kan saye shi, waɗansu su tara su aika kamfanoni a kudu, waɗansu kuwa su fasa shi da gatari nan take, su zubar da ruwan a ƙasa, su narka dalmar a kasko. Masunta su kan sayi dalmar don nauyin taru, mafarauta don harsashi. Wurin fasawa da narkawar nan ne ƙurar dalma ke tashi, ta sauka a ƙasa, da tufafi, da ƙwaryar abinci. Dalma ba ta ruɓewa. In ta shiga ƙasar tsakar gida tana nan shekara da shekaru, sai an kankare ƙasar an fid da ita.

Yara ƙanana su suka fi cutuwa, domin suna rarrafe, suna sa hannu a baki, jikinsu kuma ya fi na babba saurin shan dalmar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani gwargwado na dalma cikin jini da za a ce ba shi da lahani ba. Kaɗan ta kan dakushe ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi ba ya gane karatu, ba wanda ya san dalili. Mai yawa ta kan kawo ciwon ciki, da amai, da kasala, da farfaɗiya, da mutuwa. Alamun nan sun yi kama da na zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, shi ya sa a kan daɗe ana magani a kan kuskure. A wata unguwa mai suna Thiaroye, kusa da Dakar a ƙasar Sanagal, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. An daɗe ana fasa batura a unguwar, da kuɗin dalma ya tashi sai mata suka shiga kwaso ƙasar wurin suna rairayewa a gida don su sami gutsattsarin da za su sayar, yaransu na gefe.

Mutanen arewacin Nijeriya ba su bukatar a kai su Sanagal kafin su san dalma. A 2010, a ƙasashen Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, yara aƙalla 400 suka rasu. Can ba batir ne sanadi ba, duwatsun zinariya ne masu dalma a ciki a ke niƙawa a cikin gidaje, amma gubar ɗaya ce, hanyar shigarta jiki ma ɗaya ce. Akwai magani mai janye dalma daga jini, sai dai likitoci sun ga ba shi da amfani in yaro zai koma gidan da ƙurar ta ke. Dole aka bi gida gida ana kankare ƙasa ana zuba sabuwa, garin Bagega ma sai a 2013 aka yi masa wannan aiki. Kuɗin da aka kashe da rayukan da aka rasa sun ninka abin da hani tun farko zai ci.

Ƙaramin batirin waya haɗarinsa dabam ne, wuta ce. In ya kumbura har ya ɗaga murfin waya, to ya lalace, kada a huda shi, kada a matsa shi, kada a jefa shi a murhu ko a jujin da za a ƙona, domin ya kan fashe ya kama da wuta mai wuyar kashewa. Zafi ne babban abokin gabansa. Wayar da a ke bari a rana lokacin bazara, ko a ke caji ƙarƙashin matashi, ba ta daɗewa. Mai gyaran waya na kasuwa ya kan sake batir ko gilashi da kuɗi kaɗan, wayar ta ƙara shekara biyu tana aiki. Masu wannan sana'a, irin waɗanda suka cika kasuwar Farm Centre a Kano, suna rage shara fiye da yadda a ke yaba musu, ya kamata sarkin kasuwa ya ba su wuri mai kyau. Malamin hakimi kuma ya tuna, wayar da ya yi aikin ofis da ita akwai takardun mutane a ciki, na gado da na iyakar gonaki. Kafin a sayar da ita ko a kyautar, a cire layi da katin ajiya, a goge duk abin da ke ciki.

Game da doka, Nijeriya ta koyi darasinta tun 1988, sa'ad da aka gano an kawo fiye da tan 3,000 na shara mai guba daga Italiya an jibge a garin Koko, wanda ke cikin Jihar Delta yanzu. Gwamnati ta tilasta aka kwashe ta, ta kuma kafa dokar hana shigo da irin wannan shara a shekarar nan. A 1989 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniyar Basel a kan safarar shara mai guba, Nijeriya na cikinta. Hukumar da ke kula da wannan fanni yanzu ita ce NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta kuma fitar da ƙa'idodin kayan lantarki a 2011. Amma ma'aikacin hukuma ba zai san an fara fasa batir a bayan gidan wane ba. Mai unguwa ne zai sani, shi ya faɗa wa dagaci, dagaci ya faɗa wa hakimi.

Saboda haka abin da a ke so ga hakimi da farko shi ne ya san masu wannan sana'a a ƙasarsa. Malaminsa ya buɗe littafi, ya rubuta wurin da ko wane ɗan gwangwan ke tara kaya, da irin kayan, da ko yana fasawa ko tarawa kawai ya ke yi, da nisan wurin daga rijiya da gidaje da makaranta. Ba don haraji ba ne, a bayyana musu haka tun farko, in ba haka ba su kan ɓoye aikin a cikin gida, wanda shi ne mafi muni. Mutanen nan abincinsu su ke nema, suna kuma tsabtace gari. Hakimi mai dabara ya kan tara su da shugabansu da duba-gari, a yi shawara, a ware musu fili a bayan gari, nesa da ruwan sha, a yarda cewa batir a sayar da shi ɗungurungum da ruwansa, ba a fasa shi, wayar lantarki kuma a fere ta da wuƙa maimakon ƙonawa. Mai aikin ya wanke hannu kafin ya ci abinci, ya tuɓe tufafin aiki kafin ya shiga gida, domin a jikin riga ƙurar ke bin uba zuwa wurin 'ya'yansa. Yara masu yawon jari-bola, har da almajirai, a hana su taɓa batir da gilashin talabijin, a kuma yi wa malamansu bayani.

In kuwa aka ga yara biyu ko uku a unguwa guda suna farfaɗiya ko suma, maganin zazzaɓi kuma bai yi musu ba, ga shi ana fasa batir ko niƙa dutse kusa, to kada a jira. Malamin hakimi ya rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma a ranar, ya aika da kwafi ga majalisar masarauta, ya faɗi sunan unguwa, da yawan yaran, da shekarunsu, da ranar da ciwon ya fara, da irin aikin da a ke yi a wurin, ya kuma roƙi a zo a gwada jininsu. Kafin ma'aikata su iso, a tsai da aikin, a ɗauke ƙananan yara da mata masu ciki daga gidan, a daina share tsakar gida a bushe, sai an yayyafa ruwa.