Ƙararrawa: Wadda Kunne Ke Ji Da Wadda Hankali Ke Ji

'Yan'uwa ɗalibai, darasinmu na wannan fitowa a kan kalma ɗaya ne: ƙararrawa. A zahiri kowa ya san ta. Tana jikin keke, tana cikin agogo. A makarantun firamarenmu na Gumel da Gagarawa ma ba sai an sayo ta ba. Tsohon wilin mota ake ratayawa a darbejiya, monita ya doka, kowa ya ruga aji. Kun taɓa tambayar kanku me ya sa muke cewa "ƙarfe nawa?" in muna son sanin lokaci? Ana danganta hakan da ƙarfen da ake bugawa don sanar da sa'o'i: bugu biyu, ƙarfe biyu ke nan.

Tun kafin zuwan boko, Bahaushe yana da nasa kayan ankararwa. Akwai kuge, ƙarfe mai baki biyu da ake bugawa da ƙaho a fadar sarakuna. Akwai gangami, kiɗan tara jama'a, shi ya sa ake cewa in ka ji gangami akwai labari. Yau ko babu ganga muna cewa gangamin rigakafi, gangamin siyasa. Kun ga kalma ta bar kiɗa, ta riƙe ma'anar kira.

To, haka ita ma ƙararrawa ta yi. A rediyo za ka ji an ce abu kaza "ƙararrawar gargaɗi ce ga gwamnati", alhali babu ƙarfen da aka buga. Wannan salo daga Turanci muka aro shi, kuma ni ban ce laifi ba ne. Sai dai Hausa tana da nata kalmomi, kowacce da nauyinta. Hannunka mai sanda nuni ne a kaikaice, mai hankali ke ɗauka. Jan kunne daga babba yake zuwa ga ƙarami, don haka ba ka ja wa malaminka kunne. Kashedi kuwa shi ne na ƙarshe, bayansa sai hukunci. Wanda ya zuba su duka a buhu ɗaya ya rage wa rubutunsa kaifi.

Ga misali daga gida. Masarautar Gumel na cikin yankin da sanƙarau ke yawan ɓulla lokacin ƙura da zafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa cutar matakai biyu. A yanki mai yawan jama'a, in aka samu mutum 3 cikin 100,000 da ake zargin sun kamu a mako guda, an kai matakin ankararwa: a bincika, a tanadi magani. In suka kai 10, annoba ce. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, bayan cutar ta ɓarke a jihar Damagaram ta Nijar, Jigawa ce ta fi kowace jiha a Najeriya yawan waɗanda ake zargin sun kamu, kuma Maigatari da Sule Tankarkar suka haye matakin annoba. A nan ƙararrawar lamba ce a takardar ma'aikacin lafiya. Ba ta da ƙara, amma rai ne a bayanta.

Jiki ma yana kaɗa tasa. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare, amai, ido ba ya son haske. Mu da muke kwana a cunkushe a hostel, in abokin ɗakinka ya nuna waɗannan, don Allah kar a tsaya ana "shan inna ne" ko "a ba shi paracetamol ya kwanta". Asibiti nan take, domin sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya.

Shawarata ga masu rubuta sanarwa a allon ƙungiya da WhatsApp ita ce: gargaɗi ya faɗi abin da ke tafe, wanda ya shafa, da abin da za a yi. Kuma kar komai ya zama "gaggawa! gaggawa!" Ƙarfen da ake bugawa ba dalili, ranar da wuta ta tashi ba mai fitowa.

Aikin gida: in an je hutu, ku tambayi dattawan garinku yadda ake shelar gobara ko ɓatan yaro a da, ku rubuto mana kalmomin. In kunne ya ji, jiki ya tsira.