Gaskit ɗin Kan Inji: Dalilin Ƙonewarsa da Yadda Ake Sake Shi

Duk wanda ya saba bin hanyar Yelwan Yauri zuwa Koko, ko ya nufi kasuwar Wara a ƙasar Ngaski da bazara, ba zai rasa ganin tsohuwar a-kori-kura tsaye a gefen titi ba, tururi na tashi daga injinta, buhunan albasa da kwandunan bandar kifi suna shan rana. In an tambayi direba, sau da yawa amsar ita ce, "Gaskit ya ƙone." To, mene ne gaskit, kuma me ke ƙona shi?

Aikin gaskit

Injin mota kashi biyu ne manya: gangar jiki, inda fistin ke hawa da sauka, da kuma kai, wanda ke rufe ta daga sama. Tsakaninsu ake shimfiɗa wani siririn faifai, shi ne gaskit. Aikinsa shi ne raba abubuwa uku da ba a son su haɗu, watau wutar fetur, wadda zafinta kan kai digiri 2,000, da ruwan sanyaya inji, da kuma baƙin mai. Manyan motocin Amurka masu silinda takwas, irin su Ford Mustang da ta fito a 1964, kai biyu gare su, saboda haka gaskit biyu. Ita kuwa Fijo 504, wadda aka daɗe ana harhaɗa ta a Kaduna, kai ɗaya gare ta.

Me ke ƙona shi?

Ɗalibai sun san cewa ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, amma ba kowane ƙarfe ne ke buɗewa daidai da wani ba. Gangar injin 504 ta baƙin ƙarfe ce, kan kuwa na alminiyam, wanda buɗewarsa ta ninka ta baƙin ƙarfe. Alal misali, idan tsawon kowanne santimita 50 ne, zafi kuma ya ƙaru da digiri 100, alminiyam zai ƙaru da wajen milimita 1.2, baƙin ƙarfe kuwa da wajen 0.6 kawai. An yi gaskit don ya jure wannan goge-goge muddin zafin bai wuce kima ba. Amma da zarar ruwa ya ƙafe a lagireto, ko fambel ya tsinke, sai kan ya lanƙwashe, wuta ta sami kafa ta ci gaskit. Ruwan kogi mai laka da ake ɗura wa lagireto shi ma yana toshe hanyoyin ruwa sannu a hankali. Haka abin yake ga injin kwale-kwale a Tafkin Kainji idan ciyawa ko leda ta toshe kafar da yake zuƙar ruwa.

Alamomi

Farin hayaƙi daga salansa ko bayan inji ya ɗumama, da raguwar ruwa ba tare da an ga yoyo ba, da kumfa a bakin lagireto, da baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara. Wanda ya ga waɗannan ya ci gaba da tuƙi, to, yana sayar da injinsa ne a kan farashin gaskit.

Yadda ake sake shi

1. A bar inji ya huce sarai. A cire batir, a tsiyaye ruwa da baƙin mai. Duk abin da aka kwance a jera shi bi da bi, a yi masa alama.
2. A sassauta kusoshin kai kaɗan-kaɗan, daga gefe zuwa tsakiya.
3. A ɗaga kan a hankali. A injin 504 silinda hannun riga ce da ake zura ta cikin gangar, saboda haka kada a juya inji sai an danne su, in ba haka ba za su motsa, ruwa ya zube cikin mai.
4. A kankare fuskokin biyu tas ba tare da an karce su ba. A tsane ramukan kusoshi, domin ruwa ko mai da ya kwanta a ciki yana iya tsaga gangar wajen ɗauri.
5. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan, a gwada giɓin da siraran ƙarafan awo. A injuna da yawa, giɓin da ya kai kaurin gashin kai ma ya yi yawa. In haka ne, sai a kai wa masu injin goge ƙarfe su daidaita shi.
6. A shimfiɗa sabon gaskit, a tabbata ramukansa sun dace da na gangar. Tsoho ba ya komawa.
7. A ɗaure kusoshi daga tsakiya zuwa gefe, hawa-hawa, da sifana mai awon ƙarfi, gwargwadon abin da littafin injin ya faɗa. Ɗaurin "sai ya yi ƙara" shi ke lanƙwasa kai.
8. A daidaita bawul, a zuba sabon mai da tsabtataccen ruwa, a tayar da inji ana lura da allurar zafi.

Sauran abu guda, wanda shi ne babba: a nemo abin da ya sa injin ya yi zafi tun farko, ko lagireto ne, ko famfon ruwa, ko fambel. In ba a gano shi ba, sabon gaskit zai bi sawun tsohon kafin a kai Shanga. Haka kuma kada a buɗe murfin lagireto, ko a kwara ruwan sanyi, alhali inji yana tafasa.

Ga malamai

A samo kwalba mai murfin ƙarfe da ya ƙi buɗuwa, a tsoma murfin cikin ruwan zafi na ɗan lokaci, sannan a ba ɗalibi ya murɗa. Daga nan sai a tambayi aji: me ya sa murfin ya saki, kuma ina dangantakar wannan da a-kori-kurar da muka bari a gefen titi?