Deksa da Majinyacin da Inji Ke Yi wa Numfashi

A cikin shekarun da na yi ina aikin likita a sashen da ake kwantar da waɗanda jinyarsu ta tsananta, ban ga maganin da aka raina saboda araharsa, sa'an nan aka dawo aka wuce haddi wajen kambama shi ba, kamar deksametazon, wanda masu kemis da abokan cinikinsu ke taƙaitawa su ce deksa.

Idan ƙwayar cuta irin ta korona ta sauka a huhu, ba ita kaɗai ke yin ɓarna ba. A makon farko ita ce ke hayayyafa, jiki kuwa yana yaƙarta da garkuwar da Allah ya halitta masa. Amma a wasu mutane, da an shiga mako na biyu, sai garkuwar nan ta hasala ta ƙetare iyaka, huhu ya kumbura, 'yan jakunkunan da iska ke shiga su cika da ruwa, har majinyaci ya gaza jawo numfashin da zai ishe shi, mu sa shi barci, mu zura masa bututu ta maƙogwaro, inji ya karɓi aikin. A wannan hali dogarin gida ne ya koma yana rushe gida, aikin deksa kuwa shi ne ya lallashe shi.

Da farko akwai saɓani mai ƙarfi tsakanin likitoci, domin abin da aka gani a annobar murar 2009 bai ƙarfafa guiwa ba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi horo a farkon 2020 da kada a riƙa ba masu korona irin wannan magani sai a fagen bincike. Abin da ya raba gardama shi ne binciken RECOVERY na Jami'ar Oxford a Ingila, ƙarƙashin Peter Horby da Martin Landray, wanda aka bayyana sakamakonsa ranar 16 ga Yuni, 2020. An ba majinyata 2,104 miligiram 6 sau ɗaya a rana har zuwa kwana goma, aka gwada su da wasu 4,321 da ba a ba su ba. A cikin waɗanda ke kan inji, mace-mace ya sauko daga kimanin kashi 41 cikin ɗari zuwa kashi 29, wato a kowane mutum takwas an tsirar da ɗaya, da izinin Allah. Masu shaƙar oksijin kawai su ma sun amfana, sai dai fa'idarsu ba ta kai wannan ba. Daga baya aka ƙara da wani magani, tosilizumab, ga waɗanda kumburinsu ya ƙi lafawa, amma tsadarsa ta sa mu nan sai jefi-jefi muke ganinsa.

To, akwai kashi na uku a binciken, wanda labarinsa bai yaɗu ba, alhali shi ne dalilin wannan rubutu: waɗanda ba su bukatar oksijin ba su sami fa'ida ko kaɗan ba, hasali ma alƙaluman sun karkata ga cutarwa, mace-mace kashi 18 cikin ɗari a waɗanda aka ba, kashi 14 a waɗanda ba a ba ba. Hikimar a fili take, domin wanda ya kwance wa garkuwarsa ɗamara tun ƙwayar cuta na tsakiyar hayayyafa, ya buɗe mata ƙofa ne.

Ko a wurinmu, inda hujjar bayar da shi ta tabbata, ba ma sakin jiki da shi. Yana tayar da sukarin jini, ta yadda ma'aikaciyar jinya za ta kwana tana huda yatsan majinyaci bayan 'yan sa'o'i tana gyara insulin; yana kuma ba wasu ƙwayoyin cuta damar kutsawa, kamar yadda Indiya ta gani a 2021, sa'ad da wani naman gwari mai cin hanci da ido ya addabi masu ciwon suga da aka ɗura wa maganin fiye da kima.

Ba na mantawa da wani dattijo da aka kawo mana da asuba, sukarinsa ya haura har na'urar awo ta kasa nuna lamba. Na ja ƙanensa gefe na ce, "Alhaji, me aka ba shi a gida?" Ya zaro baƙar leda daga aljihun babbar riga, ga katin deksa uku duk an ɓare, ya ce, "Likita, ai mun ji a rediyo an ce an samu magani, tun ranar da zazzaɓin ya fara muke ba shi, safe da yamma." Ban ga laifinsa ba, domin rediyon bai faɗa masa kashi na uku ba, mai kemis kuwa, wanda ya saba sayar da ƙwayar ga masu neman ƙiba, bai tambaye shi takardar likita ba.

Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mana majinyaci mai sarƙewar numfashi, kafin in saurari ƙirjinsa nakan roƙi 'yan uwansa su zazzage mini ledar magungunan a kan tebur, in ƙirga ramukan da ke jikin kowane kati, in rubuta ranar da aka fara.