Gigin Tsufa Ciwo Ne, Ba Maita Ba

Jama'a, da wuya a sami garin da babu tsoho ko tsohuwa wanda tunaninsa ya fara rikicewa. Ya ci tuwo yanzu, an jima kaɗan ya ce tun safe ba a ba shi kome ba. Ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida. Tsohuwa ta dubi jikanta ta kira shi da sunan ƙanenta wanda ya rasu tun tuni. Waɗansu su ce sammu ne, waɗansu su ce iskoki, waɗansu kuwa har su ɗora wa baiwar Allah maita, a riƙa gudunta. Wannan kuskure ne babba. Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma likitoci suna da hanyoyin auna shi.

1. Ƙwaƙwalwa da aikinta

A cikin kan kowane mutum akwai ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, wajen biliyan 86, waɗanda ido ba ya gani. Dare da rana suna aika wa juna saƙo ta wata 'yar wutar lantarki mai rauni. Da wannan saƙo mutum yake gani, yake ji, yake tuna iyakar gonarsa da sunayen 'ya'yansa. In ƙwayoyin suka fara mutuwa, hanyoyin saƙo su tsinke, sai mantuwa ta shigo.

A shekarar 1906 wani likita na ƙasar Jamus, Alois Alzheimer, ya duba ƙwaƙwalwar wata mata wadda ta rasu da irin wannan ruɗewa. Ya tarar wani abu kamar datti ya daskare a tsakanin ƙwayoyin, zaren cikinsu kuma ya cukurkuɗe. Shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 mutum wajen miliyan 57 ne suke fama da gigin tsufa, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari irin na Alzheimer ne. Wani irin kuma jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ne suke toshewa, sau da yawa saboda hawan jini.

2. Yadda ake sauraron ƙwaƙwalwa

A shekarar 1924 wani likitan Jamus kuma, Hans Berger, ya fara ɗaukar motsin wutar ƙwaƙwalwar ɗan Adam. Na'urar ana kiranta EEG. Ana manna 'yan ƙarafa kamar kwabbai a fatar kai, ita kuwa ta riƙa zana layi mai hawa da sauka. Ba ta da zafi, ba ta sa wa mutum wuta, sauraro kawai take yi. A manyan asibitoci an fi amfani da ita wajen binciken farfaɗiya.

Mutum lafiyayye in ya zauna ya rufe ido, layin yakan kaɗa sau 8 zuwa 13 a daƙiƙa ɗaya. In ya yi barci mai nauyi sai kaɗawar ta koma ƙasa da sau 4, manya manya, a hankali.

3. Awon labari

To, yaya za a san ko zanen nan yana ɗauke da magana mai yawa ko kaɗan? A shekarar 1948 wani masanin lissafi na Amurka, Claude Shannon, ya fito da hanyar auna labari. Ga gindin maganar. In wani ya ce maka gobe rana za ta fito daga gabas, bai ba ka labari ba, gama ka riga ka sani. Amma in ya ce jiya an yi ruwa a tsakiyar hunturu, wannan labari ne. Watau abin da ake iya cinta tun kafin ya zo, labarinsa kaɗan ne. Abin da ba a iya cinta, labarinsa da yawa.

Masana suka ɗauki wannan awo suka gwada shi a kan zanen ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar mai farke kamar kasuwa ce ranar cinta: mai hatsi da zancensa, mahauci da nasa, dillali yana kai da komowa tsakaninsu, kowa da abin da yake faɗi amma ciniki yana tafiya. Ta mai barci mai nauyi, ko wanda aka ba maganin barci don a yi masa aiki, kamar sautin daka ce: in ka ji taɓarya ta sauka sau uku, ka san yadda ta huɗu za ta sauka.

4. Abin da awon ya nuna

Bincike da yawa ya nuna cewa ga masu ciwon Alzheimer kaɗawar tana rage sauri, zanen yana yawan maimaita kansa, kuma sassan ƙwaƙwalwa ba sa jin juna sosai. Kasuwa ta fara watsewa ke nan. Saboda haka in tsoho ya yi tambaya ɗaya sau goma, ba taurin kai ba ne, amsar ce ba ta sami wurin zama ba.

Awon yana da amfani ga mai doguwar suma kuma. Kun san yadda mace take ƙwanƙwasa tukunya a kasuwa ta ji ko tana da tsaga. A 2013 likitoci a birnin Milan na Italiya, a ƙarƙashin Marcello Massimini, suka bayyana dabara irin wannan. Sukan ƙwanƙwasa ƙwaƙwalwa da ƙarfin maganaɗisu daga waje, sa'an nan su auna amsar. In amsar ta bazu wurare da yawa, kowane wuri da irin tasa, alama ce ta akwai hayyaci. A 2016 suka gwada majinyata 43 waɗanda idonsu yake buɗewa amma ba sa nuna sun san kowa, sai 9 daga cikinsu suka ba da amsa irin ta mai farke. Don haka ku kiyaye bakinku a gaban majinyacin da ba ya motsi, mai yiwuwa yana ji.

Amma ku lura, wannan awo aikin bincike ne tukuna, likita ba ya yanke hukunci da shi kaɗai. Zai tambayi majinyaci da danginsa, ya auna jini, in da hali ya ɗauki hoton kai.

5. Abin da za ku yi a gida

Ku kai tsoho asibiti da zarar kun ga mantuwa ta fara hana shi harkokin yau da kullum. Akwai ruɗewar da take warkewa, kamar wadda rashin wani sinadari a jini, ko ciwon maƙoƙo, ko baƙin ciki mai tsanani, ko shan magunguna barkatai suke kawowa. Ciwon Alzheimer kuwa har yanzu ba a sami maganin da yake warkar da shi ba, sai dai na sassauci. Kada ku sayar da akuya ko gona don wanda ya ce zai cire shi.

In ruɗewa ta zo farat ɗaya, cikin yini ko kwana biyu, musamman tare da zazzaɓi, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu, wannan ba gigin tsufa ba ne. Ku garzaya asibiti a ranar. Wanda ya suma kuwa a kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, domin yana iya shaƙewa.

Kada a ɗaure tsoho, kada a kulle shi, kada a bar yara su yi masa dariya. A yi masa magana a hankali, abu ɗaya ɗaya. Kada a yi gardama da shi. A bar shi a ɗakin da ya saba. A rufe rijiya, a kau da wuta da maganin ƙwari. A gaya wa maƙwabta da mai unguwa, don in an gan shi a hanya a rako shi gida. Jinya kuma kada a bar wa mace ɗaya, a riƙa karɓa karɓa, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

6. Rigakafi

Ba kowane tsoho yake samun gigi ba, kuma ana iya rage haɗarinsa. Ku riƙa auna hawan jini da ciwon sukari, ku sha magani yadda aka ce. Ku rage gishiri, ku bar taba da giya. Mai hawa babur ya sa hular kwano, gama buguwar kai tana jawo ciwon daga baya. A nemi maganin rashin ji da yanar ido. A sa yara makaranta. Tsoho kuma kada a ware shi, a zauna da shi a yi hira, a ba shi ɗan aikin da yake iyawa. Shi ya ɗauke ku sa'ad da ba ku san kanku ba, yau ga ranar biya ta zo.

Tambayoyi

1. Mene ne yake kawo gigin tsufa?
2. Da me aka kwatanta ƙwaƙwalwar mai farke, da me kuma aka kwatanta ta mai barci mai nauyi?
3. Wace irin ruɗewa ce ake garzayawa da ita asibiti a ranar?
4. Faɗi abu uku da za a yi don tsoho mai mantuwa kada ya sami haɗari a gida.